Darasin Kimiyya: Sanyin Hunturu da Jikin Wanda Ba Shi da Makwanci

Manufar darasi

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan zafi ne: yadda jikin ɗan Adam yake samar da shi, yadda yake rasa shi, da abin da ke faruwa idan wanda ke fita ya fi wanda ake samarwa. Misalinmu daga nan Tudun Wada ta Zariya za mu ɗauko shi, daga mutanen da hunturu ke riska ba su da ɗakin kwana. Kafin a tashi ina so kowannenku ya iya abu huɗu: ya bayyana dalilin sanyin daren hunturu, ya lissafa hanyoyin da zafi ke bi ya bar jiki, ya gane alamun wanda sanyi ya yi wa illa, ya kuma bambance taimakon da ke amfani da wanda ke ƙara cutarwa.

1. Daga ina hunturu yake zuwa?

Zariya tana kan layi na 11 arewa da tsakiyar duniya, a bisa tudun da ya haura mita 600 daga doron teku. A watan Nuwamba rana takan ƙara karkata kudu, ta kai ƙarshen karkatarta wajen 21 ko 22 ga Disamba. A wannan lokaci iska mai nauyi takan taru a kan hamadar Sahara, ta kwararo ta arewa maso gabas, ta kori iskar damina mai danshi har zuwa kusa da bakin teku. Wannan busasshiyar iska ita ce iskar hunturu, kuma takan zauna da mu har cikin Fabrairu ko farkon Maris.

Ƙurar da take ɗauke da ita, yawancinta daga Kwarin Bodele ne a ƙasar Chadi, arewa maso gabashin Tafkin Chadi. Wurin ƙasan wani tsohon tafki ne da ya ƙafe. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi farar ƙasar kwarin ta yi sama da ita. Masana sun ƙidaya wannan kwari cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Hazon da ke rufe sararin Zariya har ya hana ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama tashi, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ya yi kafin ya iso.

2. Me ya sa asuba ta fi sanyi?

Da rana ƙasa tana shan zafin rana. Da dare kuma tana mayar da shi sama. A damina gajimare da tururin ruwan da ke cikin iska sukan tare wani kaso na wannan zafi su dawo da shi ƙasa, shi ya sa daren damina ba ya yin sanyi ƙwarai. A hunturu babu gajimare, danshin iska kuma yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Don haka zafin ƙasa yana ficewa ba mai tare shi, tun daga faɗuwar rana har fitowarta. Ga kuma hazo da ya riga ya rage ƙarfin ranar da ta gabata.

Sakamakon haka, a Disamba da Janairu zafin rana a Zariya yakan kai digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, amma da dare ya sauka zuwa 14 ko 13, wasu darare ma ya kusa 10. Tun da ƙasa ba ta daina rasa zafi sai rana ta fito, lokacin da ya fi kowane sanyi shi ne daga kiran assalatu zuwa hudowar rana. Ku riƙe wannan, domin a daidai lokacin ne abincin da mutum ya ci da dare ya riga ya ƙare a cikinsa.

3. Yadda jiki ke yin zafinsa

Zafin cikin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta duk a kan wannan ma'auni suke aiki daidai. Jiki yana samun zafin ne daga ƙona abinci da iskar oksijin a cikin ƙwayoyin halittarsa. Baligin da ke kwance yana fitar da zafin da ya kai wat 80. Mu lissafa: wat 80 sau daƙiƙa 28,800 da ke cikin awa 8 ya ba mu jul miliyan 2.3, wato kimanin kalori 550. Wannan shi ne abin da barcin dare ɗaya yake ci, ko da babu sanyi.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna haifotalamas, shi ke gadin ma'aunin. Da ya ji zafi na raguwa sai ya ɗauki mataki biyu. Na farko, ya matse jijiyoyin jinin fata, jini ya koma ciki. Shi ya sa hannu da ƙafa suke fara yin sanyi. Na biyu, ya sa tsoka ta riƙa motsi da kanta, abin da muke kira rawar ɗari. Rawar ɗari tana iya ninka zafin da jiki ke samarwa har sau huɗu ko biyar, amma da abinci take aiki. Wanda ya kwana da yunwa, rawar ɗarinsa ba ta daɗewa take mutuwa.

4. Hanyoyi huɗu da zafi ke fita

Zafi kullum daga wuri mai ɗumi yake tafiya zuwa wuri mai sanyi. Hanyoyinsa huɗu ne.

Ta farko, taɓawa. Idan jiki ya haɗu da abu mai sanyi, zafi yakan ratsa ya shiga abin. Siminti ya fi iska saurin jan zafi fiye da sau 30. Mai kwance a barandar shago a kan siminti, rabin jikinsa yana ɗumama daɓen da ba zai taɓa ɗumi ba. Bargon da ke kansa bai tare wannan hanya ba, na ƙasansa ma nauyin jiki ya danne shi ya fitar da iskar da ke ciki. Kwali biyu ko uku, ko tabarma a kan buhun da aka cusa ciyawa, sun fi ƙarin bargo amfani a nan, domin suna riƙe iska tsakanin mutum da ƙasa.

Ta biyu, kaɗawar iska. Jiki yakan ɗumama 'yar siririyar iskar da ke manne da fata. Idan iska na kaɗawa sai ta share ta, jiki ya sake ɗumama wata, ta sake sharewa. Shi ya sa digiri 13 a fili ya fi digiri 13 a cikin zaure cutarwa. Tun da mun san iskar daga arewa maso gabas take zuwa, mun san gefen da za a kafa zana ko a rataya buhu.

Ta uku, huci. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da huci ko ba a taɓa shi ba. Mai kwance a fili hucin jikinsa sararin sama yake tafiya, kuma sararin daren hunturu ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi nesa ba kusa ba. Kowace irin rumfa, ko ta kara ce, tana rage wannan asara.

Ta huɗu, bushewar ruwa. Kun san yadda randa ke sanyaya ruwa: danshin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Haka jiƙaƙƙen tufa yake yi wa mutum, kuma busasshiyar iskar hunturu tana gaggauta abin. Ban da haka, ruwa ya fi iska jan zafi wajen sau 25. A lura da kyau: sanyi yana ƙara yawan fitsari, domin jinin da ya koma ciki yakan sa ƙoda ta ƙara aiki. Ƙaramin yaron da ya yi fitsarin kwance da tsakar dare, ya ci gaba da kwanciya a jiƙe har asuba, yana cikin haɗari na gaske. Abin da yake buƙata busasshen wando ne da shimfiɗa, ba duka ba.

5. Su wa sanyi ya fi kamawa?

Ku ɗauki alƙalami. Dunƙule mai fuska shida daidai wa daida da kowane gefensa ke da santimita 1, faɗin bayansa 6 ne, cikinsa 1. Wanda gefensa ke da santimita 2, bayansa 24 ne, cikinsa 8, wato 3 ga kowane 1. Ashe ƙaramin abu ya fi babba yawan baya idan aka gwada da cikinsa. Ciki ke yin zafi, baya ke zubar da shi. Baligi mai kilo 70 yana da fatar da ta kai murabba'in mita 1.8, yaro mai kilo 20 yana da kusan 0.8. Idan kun raba za ku ga kowane kilo na yaron yana da fatar da ta ninka ta baligin sau ɗaya da rabi. Kan yaro kuma babba ne a kan jikinsa, shi ya sa hular sanyi take da muhimmanci a wurinsa.

Yanzu mu dubi unguwarmu. Akwai almajirai, musamman kolaye 'yan shekara shida zuwa goma, da ke kwana a zauren da ba ƙyaure ko a barandar shaguna. Akwai 'yan ci-rani, waɗanda zuwansu gari yake dacewa da hunturu, tun da sai an gama girbi suke barin gida. Akwai iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a yankunan Birnin Gwari da Giwa da jihohin maƙwabta, suka fake a kangaye. Akwai 'yan dako da yaran mota a tasha, da masu jinya da ke kwana a harabar asibiti, da masu taɓin hankali waɗanda ba su iya neman mafaka da kansu.

A cikinsu akwai waɗanda haɗarinsu ya ninka. Jariri ba ya rawar ɗari sosai, wani kitse na musamman yake ƙonawa, kuma kitsen ba shi da yawa a jikin bakwaini. Yaro mai tamowa ba shi da kitsen kariya, ba shi da ajiyar sukari. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a magance masa sanyi da ƙarancin sukari a tare. Tsoho ba ya saurin jin sanyin da ke shigarsa. Mai amosanin jini, wato sikila, sanyi da ƙarancin ruwa sukan tayar masa da ciwo. Wanda ya sha barasa ko ƙwayar maye kuwa, yakan ji kamar ɗumi, alhali barasa buɗe jijiyoyin fata take yi zafi ya tsere, ƙwaya kuma ta sa shi barcin da ba zai farka ya gyara mayafi ba.

6. Alamomi da agajin farko

Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, likitoci suna kiran wannan haifotamiya. Mataki uku gare ta. Daga 35 zuwa 32: rawar ɗari mai ƙarfi, hannu ya kasa riƙe abu, magana ta fara sarƙewa. Daga 32 zuwa 28: rawar ɗari ta ragu ko ta tsaya, mutum ya rikice, barci ya rinjaye shi. Ƙasa da 28: suma, numfashi ya yi ƙasa, bugun zuciya ya rikice. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan: tsayawar rawar ɗari ga wanda har yanzu jikinsa ke da sanyi ba sauƙi ba ne, tsanani ne.

Ga abin da za a yi, bi da bi. A ɗauke shi a hankali daga cikin iska. A cire jiƙaƙƙun kaya. A yi masa shimfiɗa mai kauri, a lulluɓe shi har kai, a bar fuska. A fara ɗumama ƙirji da wuya da hammata. Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi kunu ko koko ko shayi mai sukari. Jariri kuwa a manna shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare.

Ga abin da ba a yi. Ba a murza hannu da ƙafa, ba a tsoma shi a ruwan zafi, domin hakan yana kora jini mai sanyi zuwa zuciya farat ɗaya. Ba a kara shi da wuta, domin fatar da ta yi sanyi tana ƙonewa mai ita bai ji ba. Ba a ɗura wa wanda ya suma komai. Duk wanda ya rikice, ko rawar ɗarinsa ta tsaya, ko ya ƙi farkawa, asibiti za a kai shi nan take: Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ko wanda ya fi kusa.

7. Haɗarin da ke cikin neman ɗumi

Wanda ba shi da bargo wuta yake nema, kuma a nan wata musibar take. Gawayin da ke ci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya fi na oksijin sau 200 ko fiye. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, amma mai barci ba ya jin ko ɗaya. Ƙa'ida ita ce: kaskon wuta ba ya kwana a ɗaki. Ƙona taya da leda kuma hayaƙinsu guba ne ga huhu. Ga gobara, wadda ta fi yawa a wannan lokaci saboda komai a bushe yake, iska kuma na hura ta.

Cunkoso ma yana da nasa. Mutane da yawa a ƙaramin ɗaki suna ɗumama juna, gaskiya ne, amma suna shaƙar numfashin juna. Ƙura da bushewa sukan tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, shi ne dalilin haɓo, kuma ta waɗannan tsagogi ƙwayoyin cuta ke shiga. Muna cikin yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi a rani. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. Don haka duk wurin da za a tara mutane su kwana, dole a bar kafar iska ta sama, a ware mai tari da mai zazzaɓi, a kuma tabbatar yaran sun sami allurar rigakafi.

8. Yadda wasu garuruwa suka tsara

A Landan, da zarar hasashen yanayi ya nuna sanyi zai kai digiri sifiri, ƙananan hukumomi sukan buɗe gadajen gaggawa ga masu kwana a titi. A Faransa doka ta hana fitar da ɗan haya daga gida tun daga 1 ga Nuwamba har 31 ga Maris, kuma akwai lambar waya 115 ta masu neman makwanci. Wanda ya fi kama da namu shi ne birnin Delhi na Indiya: ba ƙanƙara ke zuba ba, amma sanyin Disamba da Janairu yana kashe marasa gida. A 2010 Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci a samar da wuraren kwanan dare a manyan birane, kuma Delhi takan ƙara tantuna duk lokacin sanyi.

Abin ɗauka a nan abu uku ne: an yanke ma'aunin da za a tashi tsaye a kansa, an san wurin da za a buɗe, an kuma san wanda alhakin yake wuyansa, duk tun kafin sanyi ya zo. Ma'aunin Landan na sifiri ba namu ba ne. Yaron da ke kwance a siminti da riga ɗaya, cikinsa babu komai, digiri 12 ya ishe shi cutuwa.

9. Abin da lissafin ya nuna mana

Hunturu ba ambaliya ba ce da ke zuwa ba sallama. Mun san watansa, mun san gefen da iskarsa ke fitowa, mun san sa'ar da ya fi tsanani. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi, Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru tana auna zafi shekara da shekaru, ga likitocin yara a garin nan. Waɗannan za su iya yanke mana ma'aunin da ya dace da Zariya. Tun ran gini, ran zane: shirin Janairu a Oktoba ake yinsa.

Idan muka bi kimiyyar, ga jerin taimako bisa muhimmanci. Na ɗaya, shimfiɗa mai raba jiki da ƙasa. Na biyu, rufi da kariya daga iska: ƙyaure ga zaure, zana a gefen arewa maso gabas. Na uku, abinci mai ɗumi da dare da kunu da asuba, domin rawar ɗari ta sami abin ƙonawa. Na huɗu, tufafi hawa-hawa, hula da safa, da canji ga ƙananan yara. Riga biyu ta gwanjo sun fi ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu. Na biyar, man kaɗe don faso da kaushi, da ruwan sha wadatacce. Na shida, mai zagayawa kafin asuba ya duba yara da tsofaffi da masu taɓin hankali.

Masu yin aikin muna da su: masu unguwanni da suka san kowane zaure, kwamitocin masallatai da majami'u, 'yan agaji, masu fitar da zakka, hukumar agajin gaggawa ta jiha, da hukumar ilimin almajirai da aka kafa a 2023. Nauyin farko kuwa yana kan uban da ya tura ɗansa karatu: tabarma da bargo da rigar sanyi suna cikin guzurin da ya wajaba a kansa. Yaron da ya kwana yana rawar ɗari ba zai riƙe karatun asuba ba, kuma hana shi wannan wahala bai fi ƙarfin unguwa ɗaya ba.

Gwajin aji

Ku samo gwangwani huɗu iri ɗaya masu murfi, ku zuba musu ruwan ɗumi daidai wa daida, ku auna zafin kowanne. Na farko ku ajiye shi a kan siminti. Na biyu a kan kwali uku. Na uku a kan kwali, a naɗe da busasshen tsumma. Na huɗu a kan kwali, a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ana yi masa fifita. Ku riƙa aunawa duk bayan minti 10 har awa ɗaya, ku zana jadawali.

Aikin gida

1. Bayyana dalilin da ya sa daren Janairu ya fi daren Agusta sanyi a Zariya.
2. Wace hanyar fitar zafi kowane gwangwani ya nuna?
3. Me ya sa ba a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki?
4. An tarar da yaro da asuba, jikinsa da sanyi, ba ya rawar ɗari, ba ya amsa kira sosai. Jera matakan da za ka ɗauka.
5. Tare da izinin iyayenka, ka nemi mai unguwarku ko limaminku, ka tambayi wuraren da mutane ke kwana a waje a layinku. Ka rubuta hanyar da zafi ya fi fita a kowane wuri, da abu mafi araha da zai toshe ta. Mako mai zuwa za mu haɗa amsoshin aji, mu miƙa su ga kwamitin unguwa.